Turke da Igiya a Cikin Tagar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a shagunan buga takardu na bakin titin Madalla ya san wannan abin haushi, ko da bai san sunansa ba. An buɗe wata manhaja, ta lissafin kanti ko ta rajistar ɗalibai, tagarta ta fito 'yar mitsitsiya. Yaron shago ya danna don ta cika allo. Taga ta buɗe wangam, amma kayan cikinta duk sun takure a kusurwar sama ta hagu kamar awaki sun ga hadari, sauran fili kuwa fetal. Wani lokacin akasin haka ne. An rubuta manhajar a kan babban allo, an kawo ta kan ƙaramar laftof ta gwanjo, maɓallin ajiyewa ya faɗa can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Hajiya ta gama shigar da cinikin yini tana laluben inda za ta danna. "Ɗana, ina abin nan ya shiga?" Yaro ya ce, "Hajiya, kwamfutar ce." Allah ya sani ba kwamfutar ba ce. Wanda ya rubuta manhajar ne ya yi rabon fili irin na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba.

Taga a kwamfuta fili ne mai katanga huɗu, kuma duk abin da ke ciki, maɓalli ne, akwatin rubutu ne, jerin sunaye ne, ɗan kasuwa ne da aka yanka wa rumfa. Kwamfuta ba ta san "kusa da masallaci" ko "bayan mai shayi" ba. Ƙirga ta iya. Allonta ɗigo-ɗigo ne, masu sana'ar suna ce musu fiksel, mu kuma mu ce taku. A Windows ana fara ƙirga takun daga kusurwar sama ta hagu: taku kaza zuwa dama, taku kaza zuwa ƙasa, ga faɗin rumfa, ga tsawonta. Lamba huɗu, an gama. Mutanen Apple, da yake ba sa son a ce sun bi sahun kowa, a kwamfutocinsu na Mac daga kusurwar ƙasa ta hagu suke farawa, su haura sama. Kowane gari da inda ya kafa turkensa.

To, a ce sarkin kasuwar Madalla ya yi rabo irin wannan. Ya kafa turke ɗaya a kusurwar arewa maso yamma, ya ce daga nan za a auna kowa. Mai tumatir taku 10 gabas, taku 5 kudu. Mai doya taku 40. Mai karɓar kuɗin ƙofa, wanda aikinsa ya zauna a bakin ƙofar gabas, taku 200, don a ranar da aka auna a nan katanga take. Lafiya lau, muddin kasuwa ba ta motsa ba. Sai dai wane ne ya taɓa ganin Madalla ta zauna wuri ɗaya? Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja a 1991 garin yake kumbura, rusau ɗin da aka yi a Abuja a tsakiyar shekarun 2000 kuma ya ƙara turo jama'a nan da Suleja. Dutsen Zuma kaɗai ne bai gusa ba, shi ma don an buga shi a jikin naira 100 ne wataƙila yake jin kunya. Kasuwar kanta direbobin hanyar Abuja zuwa Kaduna sun fi kowa sanin halinta: ranar kasuwa ta tumbatsa har bakin kwalta, washegari ta koma ta tsuke. Ranar da aka tura katangar gabas gaba, mai karɓar kuɗin ƙofa yana nan a taku 200, tsakiyar fili, da kujerarsa da littafinsa, jama'a na shiga ta can nesa kyauta. Ranar da aka jawo katangar baya kuwa, sai a waiga a gan shi a waje, cikin kwata. Shi ne maɓallin ajiyewar Hajiya.

Haka aka daɗe ana yi, kuma ba don wauta ba. A 1987, lokacin da IBM ta fito da allon da ake kira VGA, faɗinsa taku 640 ne, tsawo 480, kuma shekaru da dama yawancin kwamfutocin ofis ba su yi nisa da wannan ba. Kasuwar kowa kusan girmanta ɗaya, mai rabo bai da dalilin tunani. Da Visual Basic, kayan aikin ƙera manhajoji, ya fito a 1991 ya faranta wa mutane rai ƙwarai, don da linzami kawai za ka jawo maɓalli ka ajiye inda kake so, kamar mai kasa albasa. Amma inda ka kasa, nan zai kwana. In kana son ya bi katanga, sai ka zauna ka rubuta lissafi da hannu: duk sanda aka taɓa girman taga, a debe kaza daga faɗinta, a matsar da wane, a miƙe wance. Wato duk sanda katanga ta motsa taku ɗaya, sarkin kasuwa ya fito da igiyar awo a guje ya sake auna kowa. Rumfa 5 abin wasa ne. Rumfa 60 kuwa, sai ka ga mutum ya rame. Tsofaffin hannu a sana'ar har yanzu in an ambaci Visual Basic 6 na 1998 sukan yi murmushi irin na wanda ya tuna bashin da ya sha wahalar biya.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne har ka ce me ya hana a fara da shi. Maimakon turke ɗaya, kowace katanga ta zama turke, kowane ɗan kasuwa a ba shi igiya huɗu, ya zaɓi wacce zai ɗaure. Delphi na kamfanin Borland ya kawo wannan tsari a fitowarsa ta 4, a 1998. Babban maginin Delphi, wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Anders Hejlsberg, ya riga ya koma Microsoft tun 1996, can ya jagoranci ƙirƙiro harshen C#. Da Microsoft ta fitar da Windows Forms a 2002 sai ga turakun nan huɗu a ciki, kuma har gobe ɗalibin da ya buɗe Visual Studio zai tarar da su a jerin halayen kowane maɓalli, a layin da aka rubuta Anchor. In ba ka taɓa komai ba, igiyar sama da ta hagu ne a ɗaure. Ka ga asalin awakin da suka takure a kusurwa.

Dokar igiya ɗaya ce: duk katangar da ka ɗaure da ita, ratar da ke tsakaninku ba za ta canza ba. Mai karɓar kuɗin ƙofa sai a kwance shi daga yamma a ɗaure shi da gabas, katanga ta tafi ya bi ta, ta dawo ya dawo. Ga masu son lamba: taga mai faɗin 800, maɓalli mai faɗin 80 yana zaune a taku 700, saura 20 tsakaninsa da bango. Aka buɗe tagar ta kai 1366, faɗin yawancin ƙananan laftof ɗin da ke yawo a hannun mutane. In igiyar hagu ce a ɗaure, yana nan a 700, da ƙaton fili a gabansa. In ta dama ce, ya koma 1266, takun nan 20 na nan daram. Ba a rubuta layin lissafi ko ɗaya ba.

Inda abin ya fi daɗi shi ne a ɗaure abu da katanga biyu masu fuskantar juna. An ɗaure shi da gabas, an ɗaure shi da yamma, aka ja katangun suka rabu. Ba zai iya bin ɗaya ya bar ɗaya ba, dole ya miƙe, kamar tamfol ɗin da aka ɗaure bakinsa biyu ana warware shi. In an ɗaure duka huɗu, ya miƙe ta ko'ina. In kuma aka kwance hagu da dama duka, aka bar shi sake, ba ya tsayawa kuma ba ya bin kowa gaba ɗaya: katanga ta yi taku 100, shi ya yi 50. Akuyar da ba ta da turke ke nan, amma tana da amfaninta, don abin da aka ajiye a tsakiya da haka yake zama a tsakiya.

Daga nan kuma sai hankali, don kwamfuta ba za ta gaya maka wa ya kamata ya miƙe ba. In an ƙara wa kasuwa fili, wa ya fi buƙatarsa? Masu hatsi, masu doya, masu dabbobi, waɗanda kayansu ke cin wuri. Ba a faɗaɗa kujerar mai gadi don an faɗaɗa kasuwa. A taga ma haka: jerin sunayen ɗalibai, teburin lissafi, akwatin dogon rubutu, su ne za a ɗaure ta ko'ina su sha fili. Maɓalli ya bi bangonsa da girmansa. Yaran da suka fara gano igiya sukan ɗaure komai ta fuska huɗu saboda murna, sai ka buɗe taga ka ga maɓallin fita ya kai girman katifa.

Akwai rigimar da ta fi wannan yawa, kuma duk wanda ya taɓa zaman sulhu a kasuwa ya san irinta. Rumfa biyu maƙwabta, akwatin suna da akwatin lambar waya, kowanne an ɗaure shi hagu da dama. Aka ƙara fili taku 100. Na farko ya ce nasa ne, ya miƙe taku 100 zuwa gabas. Na biyu ma ya ce nasa ne, ya miƙe 100, amma gindinsa bai gusa ba, tunda shi ma a ɗaure yake da yamma. Sai na farko ya hau kan na biyu ya rufe masa ƙofa. Kowa da gaskiyarsa, don igiya katanga ta sani, ba ta san maƙwabci ba. Shi ya sa a 2005 Microsoft ta ƙaro wani faranti mai gida-gida: a yanka fili layi-layi, a ce wannan layin kashi 30, wancan kashi 70, duk abin da aka samu na ƙari a raba shi a kan haka, kowa ya ɗaure igiyarsa a cikin gidansa. Rabon riba ne tsakanin abokan jari, kowa gwargwadon hannunsa. Tare da shi aka kawo wani farantin da ke jera kaya sahu-sahu, in sahu ya cika na gaba ya buɗe sabo, in fili ya ƙaru na baya su matso gaba su cike gurbi.

Bayan turke akwai jingina, wadda a jerin halayen nan aka rubuta Dock. Wannan ba ɗan kasuwar tsakiyar fili ba ne, mai shagon jikin katanga ne. Ka ce masa sama, ya manne da katangar sama ya cinye tsawonta kaf. Layin umarnin da ke saman taga haka yake zaune, siririn layin bayani na ƙasa ma haka. Ka ce wa wani hagu, ya manne da hagu ya ɗauki abin da ya rage na wannan bangon. Na ƙarshe ka ce masa cike, ya baje a duk filin da ya saura. Amma fa a nan wanda ya riga zuwa shi ke da shagon kwana. In na sama aka fara sallama, kwanar tasa ce, na hagu ya fara daga ƙarƙashinsa. In na hagu ne, shi zai miƙe daga sama har ƙasa, na sama ya haƙura da guntun bango. Babbar masifa ita ce a fara sallamar mai cikewa: ya ga fili babu kowa, ya baje kayansa ko'ina, waɗanda suka zo daga baya su gina a kansa. Sai ka ga layin farko na jerin sunaye ya ɓuya ƙarƙashin layin umarni, ɗalibi na ɗaya a rajista kullum ba a ganinsa, uban yaro ya zo makaranta da faɗa. Gyaransa ba lissafi ba ne, sauya layin shigowa ne kawai. Kuma a Windows Forms ba a haɗa turke da jingina a kan abu ɗaya. Wanda ka sa daga baya shi ke aiki, ya soke na farko.

Sai lungu. Kasuwar da aka jera rumfuna manne da juna ba mai baro da zai ratsa ta, don haka kowane abu a taga yana da ratar da yake bari a wajensa, da wadda yake bari a cikinsa tsakanin bango da kaya. Akwai kuma iyakar tsukewa, inda mai manhaja ke cewa wannan taga ba za ta gaza kaza ba, ko an ja ta da tirela. Wanda ya manta da wannan, ranar da wani yaro ya matse tagar don ya kalli ƙwallo a gefe, zai ga mai manja ya kwanta a kan mai atamfa.

Kada mai karatu ya ɗauka Microsoft ce ta fara wannan tunani. Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin NeXT na Steve Jobs yake da nasa salon, inda kowane abu ake sa masa ko dai sanda, wadda ba ta lanƙwasa, ko sifirin mai miƙewa, wato gora da roba. Apple ta gaji wannan da ta sayi kamfanin, ta yi shekaru da shi. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne na Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991, wanda kuma ɗaliban Python ke cin karo da shi da sunan tkinter. A can ba a cewa sama da ƙasa wajen manna abu a gidansa, arewa, kudu, gabas da yamma ake cewa. Java ma da ya zo a 1995 haka ya raba taga: arewa, kudu, gabas, yamma da tsakiya. Yaron Landan sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya gane ina ne gabas. Mu da tsohuwa za ta ce maka "matsar da tukunyar nan yamma kaɗan" tana cikin ɗaki da dare, wannan ai gida aka zo.

A 2011 Apple ta ɗauki wani mataki da ya fi duka kama da yadda mutane ke kwatance. Maimakon kowa ya dubi katanga, sai ya dubi maƙwabcinsa: rumfata tana taku 8 gabas da ta Malam, faɗinmu ɗaya, kuma kada in gaza kaza. Kowace magana ana ba ta nauyi, wata dole ce, wata in da hali. In fili ya ƙure, kwamfuta ta zauna kamar sarkin kasuwa da dattawansa ta duba wa zai haƙura da abin da ya nema, wa ba a taɓawa. Lissafin da ke yin wannan sulhu sunansa Cassowary, aikin Greg Badros da Alan Borning na Jami'ar Washington da Peter Stuckey ne, tun ƙarshen shekarun 1990. Yana da kyau, amma in ka ba shi sharuɗɗa biyu na dole masu karo da juna, zai karya ɗaya ya rubuto maka ƙorafi mai tsawon wasiƙar gado.

Wani zai ce duk wannan kwalliya ce, mu da ke fama da wuta da kuɗin data. Ina ganin mu abin ya fi shafa. Kamfani a Turai yakan sayi kwamfuta 500 iri ɗaya rana ɗaya. Shagonmu kuwa kwamfuta 6, iyaye 6: wannan tsohon allo mai kusan murabba'i na 1024, wancan laftof ta 1366, ta oga mai 1920, ninki uku na faɗin allon 1987. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin koyon jarrabawa suka bazu a garuruwa irin namu, kuma manhajar gwaji da ke ɓoye maɓallin tambaya ta gaba a ƙaramin allo ba ƙaramar cuta take yi wa yaro ba. Ga kuma Alhaji da idonsa ya fara gajiya, an ƙara masa girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. Nan take kowane ɗan kasuwa ya yi ƙiba, rumfar da aka yanka masa daidai wuya ta matse shi.

Harshe ma yana da nasa. A zamanin Windows 7 an fitar da fassarar Hausa da ake ɗorawa, kuma masu rubuta manhajar asibiti, ta makaranta, ta ƙungiyar manoma, suna ƙara sa Hausa a ciki. Abin da Bature ya faɗa da harafi huɗu, mu wani lokaci sai mun yi kalma uku. Maɓallin da aka yanka daidai kalmar Turanci zai datse tamu a tsakiya, ya bar rabin magana, wani rabin ma ba ya faɗuwa a gaban surukai. Maganin shi ne a bar maɓalli ya ɗauki girman rubutunsa, maƙwabtansa su matsa masa. In kuma manhajar Islamiyya ce da Larabci ko ajami, kasuwar gaba ɗaya juyawa take, ƙofar shiga ta koma dama. Don haka sababbin tsare-tsare suka koma cewa bangon farawa da bangon ƙarewa maimakon hagu da dama, harshen da aka zaɓa shi zai faɗi wanne ne wanne.

Akwai masu gudun duk wannan wahala ta hanyar kulle taga, su hana a ƙara ta ko a rage ta. Ga 'yar tagar da ke tambaya ko ka tabbata za ka goge, ba laifi, teburin mai goro ba ya buƙatar fili. Amma a kulle tagar da ke ɗauke da lissafin kanti mai kaya 2,000, mutum na leƙen layi 10 alhali allonsa zai ɗauki 40, wannan lalaci ne aka sa masa riga.

Saboda haka, Alhaji mai kanti, Hajiya mai makaranta, ranar da yaro ya kawo muku manhajar da kuka sa shi ya rubuta, kafin ku cika masa kuɗinsa ku sa linzami a kusurwar ƙasa ta dama ta tagar, ku ja ta ta cika allo, ku matse ta iya matsewa, sannan ku ce a buɗe ta a kan mafi ƙanƙantar kwamfutar da ke shagon. In maɓallin ajiyewa yana nan a bakin ƙofarsa, jerin kaya ya sha fili, ba wanda ya hau kan wani, ku biya shi har da na mota. In ba haka ba, ya koma ya ɗaure igiyoyinsa, aikin yini ɗaya ne.